Yaji, Fada da Kwamiti: Tarihin Mafakar Mata da Yara a Ƙasar Maraɗi da Maƙwabtanta (1819-2019)

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1990, kusan duk takardar tsari da ta fito daga hukumomin kula da mata da yara, ko daga ƙungiyoyin agaji masu aiki a karkara, tana ɗauke da shawara guda: a danƙa wa al'umma aikin kare mata da yara daga duka, fyaɗe, auren dole da wulaƙanci. Dalilin a fili yake. Jandarma yana nesa, alƙalin gwamnati ya fi shi nisa, kuma matar ƙauye ba ta cika kai ƙarar mijinta gaban baƙo ba. Sai dai masu wannan shawara sun rabu gida biyu. Wasu suna ganin al'umma ba ta da komai sai abin da aka kawo mata daga Yamai. Wasu kuma suna ganin da can komai lafiya yake, boko da talauci ne suka ɓata zaman. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A cikin wannan ƙasida za mu bi sawun hanyoyin da mace ko yaro suke bi su sami mafaka a ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri, tare da leƙa Adar da Damagaram inda ya kamata. Abin da muke son nunawa shi ne, al'ummar Hausawan wannan yanki ta daɗe da mallakar hanyoyin kariya masu aiki, amma dukansu a kan dangi da asali aka gina su. Mai dangi tana da ƙofar da za ta buga. Wadda ba ta da su kuwa, gari yana gani yana ji za a zalunce ta. Mun dogara ga ayyukan Philippe David, M. G. Smith, Guy Nicolas, Jacqueline Monfouga-Nicolas da Barbara Cooper a kan Maraɗi, da kuma dokokin ƙasa da hukuncin kotuna.

1. Zamanin ganuwa

Bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa kuma a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarni, yaƙi da hari ba su yanke ba tsakanin waɗannan garuruwa biyu da ƙasashen da ke bin Sakkwato.

A irin wannan zamani babban haɗarin mace da yaro shi ne kamu. Maza su ake kashewa a fagen fama, mata da yara su ake kora gaba, don su ne kasuwa ta fi nema: na aikin gida, na ƙwarƙwara, da waɗanda ayari yake ɗauka ta Damagaram zuwa Arewacin Afirka. Saboda haka kariya ta farko ita ce ganuwa, da kurmin Gulbin Maraɗi wanda ƙauyuka suke fakewa cikinsa. Ta biyu ita ce fansa. Idan an kama ɗiyar wani, danginta sukan tara wuri ko tufafi ko dabba, su nemi fatake masu ƙetare iyaka su yi musu ciniki. A nan ma ƙa'idar da za mu riƙa cin karo da ita ta bayyana: wadda take da masu nemanta ita ake fansa. Kuma kada a manta, garin da yake kare ɗiyansa bayan ganuwa shi ne yake fita ya kamo ɗiyan wasu.

2. Ƙofofin matar aure

Cikin gari, matar aure ƴantacciya tana da ƙofofi da dama idan zaman ya yi tsami.

Ta farko ita ce yaji. Matar da aka doka, ko aka hana ta ci da sha da sutura, takan ɗauki ɗan ƙunshinta ta koma gidan ubanta ko na waliyyinta. Yaji yana da ƙa'ida da kowa ya sani. Fitarta shela ce ga unguwa cewa akwai magana. Miji ba ya shiga gidan surukai ya jawo ta da ƙarfi. Sai ya aiko biko, wato dattawa ko abokai, sau da yawa da goro ko turmin zane. Kafin ta koma, iyayenta sun ji bakinta, an yi wa mijin faɗa a gaban mutanen da yake jin kunya. Ƙarfin wannan hanya yana ga abubuwa biyu: kusancin gidan iyaye, da iyawarsu su ciyar da ita kwana da kwanaki. Shi ya sa auren zumunta da auren cikin gari suke da farin jini wajen uwaye mata. Ɗiyar da aka kai nesa, yajinta tafiyar yini ce ko fiye, cikin daji.

Ta biyu ita ce fada da zauren alƙali. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar nan suke karantarwa, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa. Abin lura shi ne yadda suka sa maƙwabta cikin shari'ar. Ana iya tabbatar da cutarwa ta hanyar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta, ko da ba wanda ya ga dukan da idonsa. Idan ƙara ta yi ta maimaituwa babu shaida, alƙali yana iya zaunar da ma'auratan tsakanin mutanen kirki don su zama ido. In abin ya faskara sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Ke nan sa idon al'umma a kan abin da ke faruwa cikin ɗaki yana da tushe a shari'a tun kafin a san kalmar kwamiti. Amma a aikace, hanyar da ta fi sauƙi ga mace ita ce ta fanshi kanta, ta mai da sadaki. Mai da sadaki kuwa sai da hannun dangi, ko na wani manemi da ke jira.

Ta uku ita ce sarautar mata. A Maraɗi akwai Iya, a Tsibiri akwai Inna, dukansu daga gidan sarauta. M. G. Smith, a bayaninsa na Maraɗi zamanin Ɗan Baskore (1854-1875), ya nuna Iya ita ce shugabar ƴan bori da mata masu zaman kansu, tana karɓar haraji daga gare su, tana kuma da hannu a auren ƴaƴan sarauta. Ma'anar wannan ga batunmu ita ce, macen da ta fita daga aure ba ta koma hannun uba ba, tana da hukuma sananniya da take ƙarƙashinta, wadda take da bakin magana a fada. Wanda ya taɓa ta ya taɓa mutumin Iya. Bori kansa, kamar yadda Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsa a 1972, ya kasance wurin da damuwar mace take fitowa fili: rashin haihuwa, mutuwar ƴaƴa, zafin kishi. Abin da ba ta iya faɗa wa miji da bakinta, iska takan faɗa a gaban jama'a, kuma a biya mata bukata.

Ta huɗu ita ce biki. Guy Nicolas ya yi dogon bayani a kan yadda matan kwarin Maraɗi suke musayar gudummawa a suna da aure, kowace tana riƙe da lissafin abin da aka kawo mata da abin da za ta mayar. Ana yawan kallon wannan a matsayin almubazzaranci. Amma macen da take da ƙawaye ashirin masu binta biki, tana da gidaje ashirin da za su tambaya in an kwana biyu ba a gan ta ba. Kayan ɗakinta, awakinta da amfanin gamanarta, wato ɗan gonar da take nomawa don kanta ban da gandu, su ne jarin da take riƙe wannan zumunci da shi.

Game da yara, mafakarsu ita ce yawan hannaye. Ɗan fari sau da yawa wajen kakanni yake tashi, yaye a gidan kaka ake yinsa, goggo ko inna takan ɗauki riƙo, maraya kuma baffa ne yake tsaya masa. Yaron da aka matsa wa a gida yana da inda zai gudu ya kwana ba tare da an ce ya ɓata ba.

3. Waɗanda aka bari waje

Kowace daga ƙofofin nan tana da wanda ba ta buɗe wa.

Baiwa da ƙwarƙwara ba su da yaji, don ba su da gidan uban da za su koma, ba a kuma biya musu sadakin da za a mayar ba. Budurwa a auren fari ita ma hannunta a ɗaure yake, saboda fiƙihun da ya ba matar aure damar kai ƙara shi ne ya ba uba ikon aurar da ɗiyarsa budurwa ba da yardarta ba. Idan ta yi yaji, wajen wanda ya ba da ita za ta koma, shi kuwa mutuncinsa yana ga ta zauna. Abin da ya rage mata shi ne gudu: ta yi ta gudu ana maido ta har mijin ya gaji, ko ta faɗa gidan mata a wani gari. Labarin amaryar da ta faɗa rijiya sananne ne a ƙasar nan, kuma shaida ne na inda hanyoyin gari suka ƙare.

Haka kuma al'ada ta saɓa wa fiƙihu a wani wuri mai nauyi. Malikiyya ta bar wa uwa renon ɗa namiji har ya balaga, ɗiya mace kuma har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. Al'adar Hausa kuwa ta ba uba ƴaƴa, wani lokaci tun daga yaye, galibi dai wajen shekara bakwai. Wannan ne asalin abin da mata suke kira zaman ƴaƴa: mace ta haƙura da duka da wulaƙanci don kada ɗiyanta su faɗa hannun kishiya. Agola da ɗan riƙo su ma suna iya zama ƴan aikin gidan da aka kai su, almajiri kuma yana hannun malaminsa, nesa da duk wanda zai tambayi tabon da ke bayansa.

A ƙarshe akwai rufin asiri. Dattawan da suke zama sulhu burinsu shi ne aure ya ɗore, gidaje biyu kada su ɓata. Kalmar da mace ta fi ji a bakinsu ita ce haƙuri. Idan laifin ya shafi fyaɗe, musamman in mai laifin na gida ne, kare sunan gida yakan rinjayi haƙƙin yarinyar.

4. Zamanin Nasara

Shigowar Faransawa da kanta ta'adi ce a kan mata da yara. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar a 1899, ta ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa masu yawa, tana jan ɗaruruwan mata kamammu a bayanta. Bayan an kafa mulki, dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa, inda ake hukunci bisa al'ada a ƙarƙashin idon kwamanda. Dokar 12 ga Disamba 1905 kuma ta haramta cinikin mutane. Wata sabuwar ƙofa ta buɗe ke nan, kuma a wurare da dama na Afirka ta Yamma mata sun yi saurin gwada ta. Amma kwamanda da sarakuna yake karɓar haraji da ƴan aikin tilas, ba ya son abin da zai girgiza ikon masu gida. Dokar Mandel ta 1939, wadda ta sa shekara 14 ga mace da 16 ga namiji tare da sharaɗin yardar ma'aurata, da dokar Jacquinot ta 1951 a kan kuɗin aure, kusan a takarda suka tsaya, tun da auren karkara ba ya bi ta ofis.

Canjin da ya fi taɓa mata ta wajen tattalin arziki ya zo. Da hari ya ƙare, mutane suka bar kwari suka bazu cikin tudu suna saran sababbin gonaki, ƙauyuka suka yi nisa da juna. Noman gyaɗa ya bunƙasa. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda aikin da bayi suke yi a da ya koma wuyan matan aure, har bambancin ƙaramar mata da baiwa ya dushe a wasu gidaje. A birni kuwa, bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi tsohon gari aka koma tudu, da tasowar alhazan Maraɗi, kulle ya yaɗu. Mata da yawa sun karɓe shi da hannu biyu, don ya raba su da wahalar gona, ya kuma nuna su ƴaƴa ne. Amma mai kulle ta fi dogara ga miji, kuma abin da ke faruwa bayan katanga ya fi wuyar fitowa. A lokaci guda, sarautar Iya ta rage nauyi, saboda Nasara da maza kaɗai yake sha'anin mulki, malamai kuma suna ƙara ƙyamar bori.

5. Daga mulkin kai zuwa rikicin kundin iyali

Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari mai hawa biyu. Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta bar aure, saki, riƙon ƴaƴa da gado a hannun al'adar masu shari'a, alƙali yana zama da mashawarta masana al'ada. Kundin dokar zaman jama'a da aka gada daga Faransa ya ajiye shekara 15 ga mace da 18 ga namiji, amma kaɗan ne suke aure a ƙarƙashinsa. Dokar sarakunan gargajiya ta 1993 ta tabbatar wa maigari da sarkin kanto ikon sulhu a sha'anin al'ada da na zaman jama'a. Ikon nan bai haɗa da manyan laifuka ba, ko da yake a karkara ba kullum ake kiyaye wannan iyaka ba.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin tsara mata daga sama. An yi aikin wayar da kan matan karkara daga 1966, wanda ya horar da ungozomomi a ƙauyuka. Mulkin Seyni Kountché ya kafa Ƙungiyar Matan Nijar, AFN, a 1975, ya kuma farfaɗo da samariya. AFN ta kai har unguwanni da ƙauyuka, shugabanninta sun sha shiga tsakanin miji da mata, kuma ita ta ɗauki maganar kundin dokar iyali tun daga shekarun 1970. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin hukumar shirya Babban Taron Ƙasa. Daga nan ranar ta zama ranar matan Nijar. Amma da aka fito da daftarin kundin iyali, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi a kansa, gwamnati ta jingine shi a 1994. Yunƙurin 2011 ma haka ya ƙare. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1990, ta kafa kotunan yara a 1999. Ta shiga yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1999 tare da togaciya a kan sassan da suka shafi iyali. Majalisar dokoki kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a 2006.

A cikin shekarun nan ne aka ga ɗaya fuskar al'umma. An daɗe, in ruwa ya ɗauke, ana ɗora laifin fari a kan mata masu zaman kansu, a ba su wa'adi su yi aure ko su bar gari. A watan Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, masu tarzoma a Maraɗi sun auka wa gidajen giya, majami'u da gidajen mata marasa aure. Matan da a ƙarni na 19 suke ƙarƙashin inuwar Iya, su ne a wannan rana ba su da mai tsaya musu.

Ta wani gefen kuma ƙasa tana ƙarewa. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna yadda ƙarancin gona a kudancin jahar Maraɗi ya sa ake janye wa mata gamana, wani lokaci da sunan kulle. Macen da ba ta da gamana ba ta da abin biki. Uban da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara ba ya iya riƙe ɗiyar da ta yi yaji, sai ya ce ta koma. A nan ne amfanin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara yake, waɗanda CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991 bisa tsohuwar al'adar adashi. Asusun mako-mako ya maido wa mata wani abu na hannunsu, da kuma taron da ake lura in ɗaya ba ta zo ba.

6. Shari'ar Hadijatu Mani

Babu abin da ya fito da iyakar kariyar al'umma kamar maganar wahaya, wadda aka fi sani tsakanin Ƙonni, Madawa da Illela a jahar Tawa. Wahaya yarinya ce mai asalin bauta da ake saye, ta zama ta biyar bayan mata huɗu, ba ɗaurin aure, ba sadaki, ba gado.

An sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12, a kan kuɗin sefa 240.000. Ta yi shekara tara a gidan wanda ya saye ta, tana aikin gida da na gona, ana dukanta, ta kuma haifa masa ƴaƴa. Duk wannan a tsakiyar gari aka yi shi, da sanin maƙwabta. Ƙofar da ta buɗe mata daga waje ta zo: ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, da kuma dokar 13 ga Yuni 2003 da ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ita matarsa ce. Kotun farko ta Ƙonni ta ce babu aure. Kotun sama da ita ta rushe wannan hukunci da sunan al'ada. Da ta auri wanda take so, aka yanke mata wata shida a 2007 bisa laifin aure kan aure, ta kuma shiga kaso. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 wata kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu a kan riƙe wahaya, a 2019 kuma kotun ƙoli ta tabbatar cewa al'adar ta saɓa wa doka.

Darasin shi ne, inda al'umma ta yarda da zaluncin a matsayin al'ada, ba za ta zama mai magani ita kaɗai ba. Ya kamata a lura kuma cewa ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a watan Janairu 2025, ta ɗauke wannan mataki.

7. Zamanin kwamitoci

Binciken ƙasa a kan jama'a da lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin shekara 18. A jahar Maraɗi adadin ya kai kashi 89. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance da suka fita neman abinci. Irin waɗannan abubuwa ne suka ƙara tura hukuma da masu agaji wajen al'umma.

Makarantun magidanta, da aka soma a jahar Damagaram wajen 2008 da taimakon hukumar UNFPA, suna tara mazaje kaɗan da aka shaida da halin kirki don su ja hankalin ƴan uwansu, da farko a kan awon ciki da haihuwa a likita. Dokar 5 ga Disamba 2017 ta tanadi kariya ga ɗiya mace da ke makaranta. Dokar 19 ga Yuli 2019 kuma ta kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har zuwa ƙauye. A ƙauye, waɗanda suke zama cikinsu yawanci su ne maigari, liman, malamin lakwal, ma'aikacin likita, da wakilan mata da na matasa.

Wanda ya bi tarihin da muka kawo zai gane fuskokin nan. Maigari da liman su ne masu biko da sulhu na da. Wannan ƙarfi ne, don maganarsu tana shiga inda ta jandarma ba ta shiga, kuma uba yakan fasa ranar aure in sarki ya kira shi. Rauni ne kuma, don su ɗin ne masu rufin asiri, kuma ɗiyar bawa, ɗiyar baƙo, ƴar aiki da almajiri ba su da nasu a wurin zaman.

Kammalawa

Daga ganuwar Maraɗi zuwa kwamitin 2019, hanyoyin da suka yi wa mata da yara amfani suna da siffofi da ake iya ganewa. Akwai gidan da za a kwana a ci abinci tun kafin a soma magana, kamar yadda yaji ya tanada. Akwai mace mai muƙami na gaske wadda fada take saurare, kamar Iya da Inna. Mace tana da abin hannunta, gamana ko asusu. Sa'an nan akwai hanyar da ta wuce gari, zauren alƙali a da, kotu a yau, domin laifin da gari ba ya son ya ji. Kwamitin da ya rasa waɗannan zai zama wani sabon zauren ba da haƙuri.

Saboda haka muna ganin tambayar da ta kamata a riƙa yi wa kowane shiri, kafin a ƙirga yawan tarurrukan da ya yi, ita ce: a wannan ƙauye, yarinyar da ba ta da kowa, gidan wa za ta shiga da dare, kuma wa zai raka ta gaba in an ce a rufa? Muna kuma kira ga ɗaliban sashen tarihi su duƙufa kan rajistocin kotunan al'ada na Maraɗi, Tasawa, Ƙonni da Damagaram, su haɗa su da hira da tsofaffin mata, ungozomomi da shugabannin AFN na unguwanni, tun waɗanda suka ga zamanin suna raye.